Sha-kauci, Ruwan Sukari Da Itatuwan Ƙasarmu

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen zango na ɗalibai 'yan asalin Birnin Kudu da Gwaram)



 Sa'ad da sakatare ya tambaye ni a kan me zan yi magana, na ce masa a kan yadda ake haɗa wa tsuntsu ruwan sukari, sai ya dube ni sheƙeƙe, ya ce, "Haba Malam, jama'a na kukan kuɗin makaranta da rashin aikin yi, kai kuwa tsuntsu?" Ban ga laifinsa ba, kuma na tabbata akwai masu irin wannan tunani a cikin ɗakin nan. Abin da nake roƙo shi ne ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. In na gama ba ku ga amfanin zancen ba, to, ku kama sakatare, shi ya bar ni na hau mumbari.

Asalin wannan al'ada daga nahiyar Amurka ta fito. A can akwai wani ɗan tsuntsu wanda masu jin Faransanci da Sifaniyanci ke kira kolibri, Ingilishi kuma suka raɗa masa suna saboda ƙugin da fikafikansa ke yi. Irinsa ya haura 300, kuma ba a samun ko ɗaya daga cikinsu a daji a wajen nahiyar Amurka da tsibiranta. Mafi ƙanƙantarsu yana ƙasar Kuba, nauyinsa bai wuce giram 2 ba, watau bai kai nauyin ƙwayar sukari guda ta kwali ba. Wasunsu na kaɗa fiffike fiye da sau 50 a daƙiƙa ɗaya, suna iya tsayawa cak a iska, har su yi baya. Akwai wanda ke ƙetare Tekun Meksiko, tafiyar kimanin kilomita 800, ba tare da ya sauka ba. Irin wannan aiki kuwa yana cin abinci, shi ya sa tsuntsun ke wuni yana bin furanni yana tsotsar ruwan zaƙin da ke cikinsu. Mutanen can suka lura da haka, sai suka shiga rataya 'yan kwalabe a bakin taga suna zuba ruwan sukari, tsuntsun na zuwa yana sha suna kallo. Al'adar ta bazu har masana suka gano cewa wani irin kolibri na jihar Kalifoniya ya faɗaɗa mazauninsa zuwa arewa har cikin Kanada, kuma waɗannan kwalabe da lambunan furanni na cikin dalilan da suka sa.

To, mu ba mu da kolibri. Amma Allah bai bar furanninmu ba mai ziyara ba. Ya ba mu sha-kauci. Duk wanda ya tashi a Gwaram Tsohuwa, ko Sara, ko Basirka, ko ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kudu, ya taɓa ganinsa ko da bai san sunansa ba: ɗan mitsitsin tsuntsu mai siririn baki lanƙwasasshe, ba ya zama wuri ɗaya, namijin yana walƙiya a rana kamar an shafa masa shuni an buga. Shi da kolibri ba dangin juna ba ne na kusa. Sana'a ce ta haɗa su, kamar yadda maƙerin Kano da maƙerin Sin za su yi kama a hannu ba tare da sun haɗa kaka ba. Dangin sha-kauci sun kusa iri 150 a Afirka da Asiya har zuwa Ostareliya. A ƙasarmu mai lura zai iya rarrabe aƙalla uku. Akwai baƙi mai jan ƙirji kamar garwashi. Akwai kore mai doguwar jela, da ɗigon ja a ƙirji da rawaya a gefe. Akwai kuma ƙaraminsu mai gajeren baki da rawayan ciki da zara-zaran gashin jela biyu, wanda aka fi ganinsa cikin adonsa da rani. Matansu duka ba su da kwalliya, launinsu ya fi kusa da na busasshen ganye. Babban bambancinsa da kolibri shi ne, sha-kauci ya fi son ya sami inda zai dafe ya sha a zaune. Ku riƙe wannan, domin zai yi mana amfani in mun zo maganar mashaya.

Sunan da kakanninmu suka ba shi ma darasi ne. Kauci dai kun san shi, tsiron nan da ke maƙalewa a reshen ɗorawa ko kaɗanya yana shan ruwan jikinsu. Furensa dogo ne siriri kamar ashana, bakinsa a rufe. Ba ya buɗewa sosai sai tsuntsu ya taɓa shi da baki, sa'an nan ya tsage farat ɗaya ya watsa masa garin fure a goshi. Tsuntsun ya sha zaƙi ya tashi, ya kai garin ga wani furen, da haka kauci ke yin 'ya'ya. Masana ilmin tsirrai sun rubuta wannan a littattafai, amma wanda ya fara cewa "sha-kauci" bai shiga aji ba. Zama ya yi a gindin itace ya zuba ido har ya gane.

Yanzu sai mu zo kan haɗin kansa. Ruwan zaƙin furannin da irin waɗannan tsuntsaye ke sha, yawancinsa sukarin da ke ciki yana tsakanin kashi 15 da kashi 25 cikin ɗari, saura duk ruwa ne. Saboda haka ƙa'idar da aka sani ita ce awo ɗaya na farin sukari, awo huɗu na ruwa mai tsabta. Da kowane ma'auni aka auna daidai ne, muddin da shi aka auna duka biyun. A lokacin tsananin zafi ana iya mai da ruwan awo biyar. Shawarata ita ce kada a ɗauko gwangwanin madara, domin abin zai yi yawa ya lalace. Babban cokali ɗaya na sukari da huɗu na ruwa ya isa wuni guda. A tafasa ruwan, a zuba sukarin, a motsa har ya narke, a bar shi ya huce sarai kafin a zuba. Shi ke nan. Ba gishiri, ba kanwa, ba wani sirri.

Abin da ba a sawa ya fi abin da ake sawa muhimmanci, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Na farko, zuma. Kowa zai ce ai zuma daga fure ta fito, ita ta fi dacewa. To, zuma in tana da kaurinta ba ta lalacewa, amma da zarar an tsinka ta da ruwa aka ajiye a zafi, sai ta yi saurin tsami, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Na biyu, mazarƙwaila da duk wani sukari mai duhu. Duhun nan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da wasu abubuwan da ba su cikin ruwan fure da yawa, jikin ƙaramin tsuntsu kuwa ba ya iya fitar da ƙarfen da ya yi masa yawa. Na uku, kalar girki, da zoɓo, da lemon kwalba. Gaskiya ne jan launi na jawo hankalin tsuntsu, amma a jikin mashaya ake sa shi, ba a cikin abin sha ba. Na huɗu, zaƙin da ake yi wa masu ciwon sukari. Wannan zaƙi ne ba ƙarfi, tsuntsu zai cika ciki yunwa na cinsa. Wani irinsa ma guba ne. A shekarar 2017 likitocin dabbobi suka wallafa rahoton yadda wasu tsuntsaye masu shan fure a Afirka ta Kudu suka mutu jim kaɗan bayan sun sha ruwan da aka haɗa da zailitol, wani zaƙi da ake sa wa cingam da man goge baki.

Mashaya kuwa ba sai an aika Kano ko Legas ba. A sami 'yar kwalba mai faɗin baki marar zurfi, mai jan murfi. A huda murfin wuri biyu ko uku da ƙusa, kowace huda kamar faɗin ƙwayar dawa, a goge bakin hudar kada ya yi kaifi. A naɗa waya a wuyan kwalbar, a bar wani ɓangare ya fito domin tsuntsu ya dafe. A zuba ruwan ya kusa cika amma kada ya taɓa murfi, yadda harshen sha-kauci zai kai, na ƙudan zuma kuwa ba zai kai ba. A rataye ta a inuwa, kusa da itacen da aka saba ganin tsuntsun, a inda kyanwa ba za ta iya tsalle ta kai ba. Domin maganin tururuwa da cinnaka, a huda murfin wata kwalbar a zura igiyar ratayar ta tsakiyarsa, a toshe hudar, a zuba masa ruwa, ya zama ganuwa. Kada a shafa man gyaɗa ko baƙin mai a igiya, domin in ya taɓa gashin tsuntsu ya ɓata shi. In ƙudan zuma suka yi dafifi, a sauke mashayar na 'yan kwanaki. Muna da masu amya a kan itatuwa a ƙauyukanmu, ba daidai ba ne ruwan sukarinka ya koma cikin zumar da wani zai kai kasuwa ya rantse cewa tsantsa ce.

Saura sharaɗi mafi nauyi, wanda ni da ke tsaye gabanku na koye shi da tsada. A watan Afrilun wata shekara na rataya mashayata ta farko a jikin zogalen gidanmu. Kwana tara ba wanda ya kula ta, ran na goma baƙin nan mai jan ƙirji ya sauka. Ya saba har ya zama ina alwalar asuba yana jirana. Sai tafiya ta kama ni zuwa Dutse. Na cika kwalbar fal, na ce ai na bar masa guzuri. Kwana huɗu na yi. Da na dawo na tarar ruwan ya yi gurɓi yana warin tsami, bakin hudar ya yi baƙin funfuna, tsuntsun kuma yana kan reshe ya kumbura gashi, ba ya ko gudun mutum. Washegari ƙanena ya tsince shi a ƙasa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wannan kuwa ni na tsamar da shi. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasarmu na haura digiri 40, ruwan sukari kuma ba ya kwana biyu lafiya a irin wannan yanayi. Don haka kullum a zubar da na jiya, a wanke kwalbar da ruwan zafi da ɗan buroshi, a ɗauraye sosai, a zuba sabo. Masu firji suna iya ajiye haɗin har mako guda, amma wanda wutarsa ba ta da tabbas gara ya haɗa na yini. In za ka yi tafiya, sauke mashayar ka kife ta. Tsuntsu zai koma ga furanninsa, ba abin da zai same shi. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima ba, kada ya fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mun ji a makarantar allo labarin wanda aka gafarta wa domin ya shayar da kare, mun kuma ji na matar da ta halaka domin ta tsare kyanwa. Dabbar da ka jawo ta saba da hannunka ta zama amana a wuyanka.

Na san akwai tambayoyi biyu da ke jirana, bari in riga ku. Ta farko ita ce ta sakatare: gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? Magana ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Babban cokali na ɗaukar sukari kimanin giram 12, watau kilo ɗaya zai kai mutum kusan kwana 80. Duk da haka, wanda yaransa ke shan koko ba sukari, haramun ne a gare ni in ce ya ba tsuntsu. Shi ya ajiye kasko da ruwa zalla a inuwa lokacin bazara, yana sauya shi kullum. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma tsuntsayen da za su amfana sun fi masu shan sukari yawa.

Ta biyu ita ce ta manomi, wanda zai ce, "Tsuntsun da ke taimakon kauci, kauci kuwa na kashe mini ɗorawa, shi zan ciyar?" Nan ma akwai gaskiya. Kauci in ya yi yawa yana raunana itace, yana rage kalwa. Amma a yi adalci. Sha-kauci fure yake sha. Mai shuka kauci a kan reshe wani tsuntsu ne dabam, mai cin 'ya'yan, wanda ke barin ƙwayar mai danƙo a jikin itace. Maganin kauci kuwa tun kakanni an san shi: a hau a sare reshen da ya kama, a ba awaki ganyen. Sa'an nan sha-kauci ba kauci kaɗai yake wa aiki ba. Yana kai garin fure tsakanin minjirya da minjirya, yana ziyartar gurjiya da zogale, kuma 'ya'yansa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo yake ciyar da su, har sheƙarsa mai lilo da saƙar gizo-gizo yake ɗaure ta. Wannan ya nuna mana abu biyu: ruwan sukari ba cikakken abinci ba ne, kuma wanda ya rataya mashaya ya koma yana fesa maganin ƙwari a kan furannin gidansa, ya ba da hannun dama ne ya karɓe da na hagu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana. A kusa da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, inda mutane da yawa ke rataya wa dangin sha-kauci kwalabe, wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwalaben na iya janye tsuntsaye daga wasu furannin daji, ziyarar da suke kai musu ta ragu. Ashe ke nan kwalba ba ta maye gurbin itace, har tana iya yi masa kishiya. Mashayar da Allah Ya tsara ita ce itaciya, kuma Ya jera su bi da bi yadda rani ba zai yanke wa tsuntsu abinci ba. Gawo na fure bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da ganye. Gurjiya na fitar da jajayen furanninta da sanyin hunturu. Minjirya, wadda ake shinge da ita, tana yin nata ja wur da rani. Kaɗanya na biye, ɗorawa kuma ta sako nata masu kama da tuntun hula gab da bazara, jemagu su sha da dare, ƙudan zuma da tsuntsaye su sha da safe. Tumfafiya da zogale kuwa kusan ba su hutawa. Duk itacen da aka sare daga cikin wannan jeri, an cire wata guda ne daga kalandar abincin tsuntsu.

Ku kuma shaidu ne a kan abin da ke faruwa. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta ruwan sama da itatuwa, shi ya sa gatari ya fi yawa a wajenmu. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta Birnin Kudu ya ga tulin itace da buhunan gawayi a bakin titi. Ban zo in zagi mai sayar da su ba, domin da shi da mai saye duk neman tuwon dare suke yi, mu ma da gawayin muke shan shayi. Amma ɗorawar da ta shekara arba'in tana ba gida daddawa, ana iya mai da ita gawayi a kwana uku. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa domin tare hamada, Jigawa kuma na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin gona da na gandun daji da na ƙananan hukumomi. Ranar da aka miƙo muku takardar dashen itatuwa, ku tuna cewa darbejiya, duk da inuwarta da juriyarta, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, kuma ba za ta iya aikin gurjiya da minjirya da ɗorawa ita kaɗai ba. Ku sa alƙalami ku ƙara sunayen na gida.

To, in haka ne, mene ne amfanin kwalbar? Amfaninta shi ne tana koya wa mutum kallo. Ni da danƙo na tashi a hannu, kamar yawancin mazan da ke nan, ban kuwa san adadin tsuntsayen da na harbe ba don yunwa ba. Ban daina ganin sha-kauci a matsayin abin bara ba sai ranar da ya sauka kamu biyu daga fuskata na ga harshensa. Yaron da aka ɗora wa wanke mashaya kowace safiya, da wuya ya ɗaga danƙo a kan baƙonsa. Wanda ya san tsuntsu zai tambayi inda yake kwana da abin da yake ci, mai wannan tambaya kuwa ya kama hanyar sanin darajar itace.

Mu 'yan Birnin Kudu muna alfahari da zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Amma mu tuna, duwatsun nan suna nan tun kaka da kakanni, sai a shekarun 1950 da ma'aikatan adana kayan tarihi irin su Bernard Fagg suka rubuta labarinsu ne duniya ta ji, mu ma muka ƙara ganin girmansu. Kada mu jira baƙo ya zo ya ƙirga mana tsuntsayenmu. Nijeriya na da tsuntsaye fiye da iri 900. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan a 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke tattara bayanan, da yawansu ɗalibai irinku. Ba a bukatar digiri, sai ido da haƙuri da ɗan littafin rubutu.

Saboda haka ina roƙonku abu uku kafin mu sake haɗuwa. In kun koma gida hutu, kowa ya sami dattijo ko dattijuwa ya tambayi sunayen tsuntsaye goma da Hausa ko Fulatanci, ya rubuta, domin sunayen na bin masu su kabari. Kowa ya dasa itace ɗaya mai fure idan damina ta sauka, ko da reshen minjirya ne a jikin danga, ya kuma tsare shi daga awaki. Wanda kuma ya ga zai iya riƙon amana, ya rataya mashaya: ɗaya na sukari, huɗu na ruwa, a inuwa, a wanke kullum.

Shugaban taro, na ci lokaci, ina neman afuwa. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku gyara mini. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya maishe mu gidajenmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.